Lungun da Ke Karya Farashin Gidana

Kawu, ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma ba maganar da zan kai wa 'ya'yana ba ce, don su ma suna cikin masu jan igiyar. Na kira ka Kawu ne saboda haka kowa ke kiranka a wannan fili naka na ba da shawara, amma in aka bi ta shekaru ina jin kai ya kamata ka zo gaishe ni.

Ni kafinta ne, ko in ce na taɓa zama, don yanzu ido ya ƙi, ƙusa ɗaya sai in gan ta biyu, kuma kullum ta ƙaryar nake bugu. Ina da gida a bakin tafki. Kada ka ji haka ka zaci wani attajiri ne ya rubuto maka. Lokacin da na sayi filin ba mai son wurin, daga laka sai sauro, abokan aikina har tsiya suke mini wai na sayi fadama zan shuka kujeru. Da ɗaki ɗaya muka fara. Yau akwai ɗakuna, da falo, da baranda mai kallon ruwa, kuma duk taga da ƙyauren da ke gidan hannuna ne ya yi su.

Maiɗakina, wadda nake kira Hukuma domin in ta yanke magana ba a ɗaukaka ƙara, ita ce dalilin sayarwar. Ƙirjinta ya daina jure danshi. Da ruwan sama ya fara, bangon ɗakinmu ya fara gumi, sai numfashinta ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen katako. Bara har kwanciya ta yi a asibiti. Likita ya ce maganin da ya fi duk na kwalba shi ne mu bar bakin ruwa. 'Yar autarmu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta samo mana wani ɗan gida busasshe kusa da inda take aiki, ba hawa ba sauka. Abin da ya rage kawai a sayar da wannan a sayi wancan.

To, ga inda matsalar take. Tsakanin bangon kicin ɗinmu da katangar maƙwabci akwai wani lungu, faɗinsa bai wuce a tura baro ba, ya taso daga titi ya gangara har ruwa, ya bi ta gindin bishiyar lemun tsami. A takarda cikin filina yake. Shekarar da muka tare, Hukuma ta hangi wata mata mai tsohon ciki tana ƙoƙarin tsallake shingenmu da kwandon wanki a ka. Ba ta yi shawara da ni ba, ta dai ce a yi ƙofa a nan. Na yi ƙyaure, ban sa masa wurin kwaɗo ba, don ban ga amfaninsa ba. Tun daga nan mutanen bayan titi ke bi: masu kamun kifi, masu wanki, masu ɗiban ruwan lambu. A da akwai hanyoyi da yawa. Sai masu hali suka gano cewa kallon ruwa abin daɗi ne, suka saye gidajen gefenmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ja katangarsa har cikin ruwa. Yanzu lunguna kaɗai ya rage. In aka toshe shi, sai mutum ya zagaya har wajen gada, tafiyar da ko saurayi sai ya huta in da kaya a kansa.

Babban ɗanmu ya haɗa ni da wani dillali, yaro mai zaƙin baki, turarensa na riga shi sallama. Ya zagaya gidan, ya ɗauki hotuna da yamma lokacin da rana ke kwanciya a kan ruwa. Da ya nuna mini hotunan, saura kaɗan ni ma in taya. Ya ce Baba, ba bulo ake saye a nan ba, ruwan nan ake saye. Ya faɗi farashin da ya sa na nemi kujera. Muna cikin haka sai ƙyauren lungu ya yi ƙararsa, abokina masunci, Mai Koma, ya hauro daga tafki, raga a kafaɗa tana ɗiga, ya tsaya ya tsinki lemu biyu kamar yadda ya saba, ya ce mini tsohon banza har yanzu ba ka mutu ba, na ce sai na ga bayanka. Haka muke gaisawa. Na juyo na ga fuskar dillali ta canza.

Ya ja ni gefe ya yi mini bayani. Wai gidana farashi biyu gare shi. In lungun a rufe yake, kuɗin da ya faɗa. In kuwa hanya ce ta jama'a, a zabge kusan kashi ɗaya cikin uku, domin masu sayen irin wannan gida shiru suke saye, ba sa son su fito shan iska su ga ana shanya raga a gabansu. Kawu, farashin farko ya isa gidan da auta ta samo. Na biyun bai isa ba. In muka ƙare a na biyu, sai dai mu tare a gidan surukina, mutumin kirki ne, amma ka san yadda tsoho ke ji in zai yi tari sai ya duba ko mai gida na barci.

Dillali ya ce abin mai sauƙi ne. Zai riƙa kawo masu dubawa da rana tsaka, lokacin da ba mai bin lungun, kuma duk ranar da za su zo a rufe ƙyauren. Ni da hannuna na buga ƙarfen da ake rataya kwaɗo. Ban taɓa yin aikin da ya fi shi sauƙi ba, ban kuma taɓa yin wanda ya fi shi nauyi ba. Mutane na tambaya, ina cewa gyara ake yi. Ka ji fa, ƙyauren kafinta wai kullum cikin gyara. Rannan Mai Koma ya zo mini da ɗan man inji a kwalba, ya ce tunda tsufa ya sa na manta sana'ata, in ɗiga masa ko zai warke. Na karɓa na yi godiya. Kwalbar tana nan kan taga tana kallona.

Yanzu an sami mai saye. Da ma a ce wani mai girman kai ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Mutum ne mai ladabi, sai da ya cire takalmi kafin ya shiga falona, kuma mahaifiyarsa yake son ya ajiye a gidan. Ya tsaya a baranda ya ce abin da ya fi burge shi shi ne ba kowa ke giftawa ba. Da ya nuna ƙyauren, dillali ya yi caraf ya ce ta nan ake fitar da shara. Ni ina tsaye, na sa ido a kan wata ƙusa da ke jikin ginshiƙi kamar yau na fara ganinta. Ya amince da farashin sama, yana jiran amsa kafin wata ya ƙare, har ya ce zai ja katanga zuwa ruwa kamar na maƙwabta.

Babban ɗanmu ya ce in sa hannu, wai Baba kai ba ma'aikatar hanyoyi ba ne, ka yi musu iya yinka. Auta ba ta faɗi haka ba, ta dai ce in tuna ruwan sama ya kusa, kuma ita ce ke riƙe hannun uwarta in abin ya tashi. Na tsakiyar kuwa, na lura ya yawaita gaishe ni.

Hukuma ba ta san da maganar farashi biyu ba, ba ta san da kwaɗo ba. Mun mayar da ita ɗakin da ke kallon titi saboda ya fi bushewa, ba ta ganin lungun. Amma da ƙarar ƙyauren nan take gane lokaci. Shekaranjiya ta tambaye ni me ya sa wasu ranakun ba ta jin sa. Na ce mai na sa masa. Ta dube ni irin duban da take wa mai kayan miya in ya danne mudu.

In na faɗa wa mai saye gaskiya, yana iya gudu, kuma dillali ya ce magana za ta bazu, gidan ya zama kwantai. In na yi shiru, ranar da za a aza bulon farko a lungun ina can nesa, ba zan ga fuskar kowa ba. Sauƙin abin shi ke ba ni tsoro. Numfashin matata a hannu ɗaya, hanyar abincin mutane a ɗayan. Kawu, wanne zan saki?

Tsohon Kafinta, daga bakin tafki

*

Yaya Kafinta, tunda ka ce ka girme ni, na karɓa, ina gaisuwa, ya jikin Hukuma? Allah ya ba ta lafiya.

Bari in fara da abin da ba ya jiran shawara. Matarka za ta bar gidan nan kafin ruwa ya sauka, an sayar ko ba a sayar ba. Ko da zaman wata biyu ne a gidan suruki, ka daure, ka yi tarinka a hankali. Da ka raba lafiyarta da ranar da mai saye ya yanka maka, za ka ga rabin igiyar da ta shaƙe ka ta kwance. 'Ya'yanka ba su yi laifi ba da suka sa uwarsu a gaba, kuma babban ya yi gaskiya a abu ɗaya: ba wajibi ba ne ka talauce don unguwa ta sami hanya.

Amma shirun nan ba zai tsaya inda kake zato ba. Hanyar da mutane suka yi shekara da shekaru suna bi ba ta mutuwa don an sa mata bulo. Za su zo, za a yi hayaniya, wataƙila har gaban hukuma ta gaske, kuma wadda za ta kwashi abin ita ce tsohuwar da ɗanta ya kawo don ta huta. Mutumin da ya cire takalmi a ƙofarka bai cancanci ka sayar masa da rigima a naɗe cikin hoton faɗuwar rana ba. A wurare da yawa ma ɓoye irin wannan na iya warware ciniki bayan ka riga ka kashe kuɗin. Wannan ka tambayi lauya, kada ka tambayi dillali.

Dillalinka kuma ba shaiɗan ba ne, amma ka tuna la'adarsa da farashi take hawa. Farashi biyun nan daga bakinsa kaɗai ka ji su. Ka kira wasu dillalan biyu da ba su san juna ba, ka kawo su da yamma, ƙyaure a buɗe, Mai Koma na wucewa da ragarsa, su faɗi nasu. Gida mai kallon ruwa, a wurin da kowa ya riga ya saye gefensa, ba ya zama kwantai da sauƙin da aka tsorata ka.

Akwai kuma farashi na uku da ba a faɗa maka ba, ina mamakin kafinta bai gan shi ba. In gefen katako ya hana shi shiga gurbi, ai ba ka jefar da shi, feƙe gefen kake yi. Ka ce lungun faɗin baro ne. Ka nemo mai awon fili ya yanke wannan siririn daga takardarka, a rubuta shi hanya, a ja katanga ta cikin gida daga titi zuwa ruwa. Mai saye ya sami shirunsa, unguwa ta sami hanyarta, kai kuma ka yi asarar ɗan zirin fili maimakon kashi ɗaya cikin uku. Ba zan yi maka alkawarin kuɗin zai kai na farko ba, zai ragu, kuma takardun za su ci lokaci. In ya gaza gidan da auta ta samo da kaɗan, wannan giɓin na 'ya'ya ne su cike, har da mai yawan gaisuwar. Su ma mutanen bayan titi kada ka raina su. Ka tara su ka faɗa musu halin da ake ciki. Wanda bai da kuɗin bulo yana da hannun ɗaukarsa.

Mai saye kuma kai za ka kira shi da kanka, ba ta bakin dillali ba. Ka zaunar da shi a barandar nan, ka ce rannan an faɗa maka abin da ba haka yake ba, ni kuma na yi shiru. Ka nuna masa inda katangar za ta bi. Yana iya tafiya. In ya tafi, wani zai zo, kuma wanda zai zo ya san abin da ya saya.

Amma kafin lauya, kafin mai awo, kafin kowa, akwai ofishin da ka tsallake. Ka tambaye ni, ka tambayi dillali, ka ji ta bakin 'ya'ya, ka bar wadda ta sa aka yi ƙofar, wadda kuma da sunan ƙirjinta ake shirin rufewa. Kana tsoron za ta ce a bar lungun ko da lafiyarta ce za ta biya, shi ya sa ka ɓoye. To, ka je mata da farashi na uku a hannu, don kada ta zaɓi tsakanin numfashinta da mutanenta. Kuma kada ka ɗauka labari za ka kai mata. Matar da ke gane lokaci da ƙarar ƙyaure ta san bambancin mai da kwaɗo. Jira kawai take ta ga yaushe za ka gaji.

Ka cire ƙarfen nan yau, ka mayar wa Mai Koma kwalbarsa, ka bar ƙyauren ya yi kukansa ta ji. In an zo awo, ka roƙi mai awon ya ɗan karkata igiyarsa, bishiyar lemun ta faɗa ɓangaren hanya.

Allah ya kawo mai saye na alheri, ya ba Hukuma numfashi mai sauƙi a sabon ɗakinta, kai kuma ya bar maka abokin da zai riƙa zagayowa yana tambaya ko ka mutu.

Kawu