Inda Kake Ajiye Moto

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai mutanen gida kowa lafiya. Damina ta yi kyau bana, har ƙanenka na Dogarawa ya aiko mana da gero da wake. Na san babu mai kai maka takardar nan, amma akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Zan bar gidanmu na Malbaza. Ɗanka Sani ya matsa sai na koma wurinsa Konni, wai zaman kaɗaicin ya isa haka, kuma da gaskiyarsa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ne zai shiga haya. Da ya zo duba gida bai kushe komai ba, sai a zaure ya tsaya ya dubi ƙasa, ya roƙa a fitar masa da baƙin tabon nan, don nan zai riƙa shimfiɗa wa baƙi tabarma.

Ka san tabon da nake nufi.

Da hannunka ka yi daɓen nan, shekarar da ka samu aiki a izin, masana'antar siminti. Ka hana kowa takawa sai da ya bushe, har kajina ka sa na ɗaure. Maƙwabta suka riƙa leƙowa kallo, ni kuwa ina ta fankama. Ba a jima ba ka sayo tsohuwar motonka, babur ɗin nan, daga Najeriya, ka rasa inda za ta kwana duk faɗin gidan sai kan sabon daɓe.

Kullum da la'asar sai ka dawo fari fat da ƙurar siminti har gira, ka turo ta ciki. Kafin gari ya waye ta ɗiga baƙin mai. Na gwada toka, na gwada ruwan zafi da sabulu, na durƙusa da soso har gwiwoyina suka yi kanta, tabon sai ƙara faɗi yake. Kai kuwa kana zaune kana dariya, kana cewa, "Ke dai ba ki jin magana. Mai ba shi tsoron ruwa. Ba shi busasshen siminti shi sha, ki ƙyale shi." Ni ko amsata ɗaya ce: a gyara moto. Ba ka gyara ba, ni ma ban zuba ba. Haka muka tsufa.

Bayan rasuwarka moton ta koma hannun ƙanenka, zauren ya yi girma. Daga ranar ban sake taɓa tabon ba. In ina shara sai in kewaye shi. Na daɗe ina duba wurin da safe ko akwai sabon ɗigo, sai in tuna. Da la'asar kuwa, in ma'aikata sun taso, nakan zauna bakin zaure ina jin ƙarar motoci na wucewa, babu wadda ke rage gudu a ƙofarmu. Kewarka ta fi damuna a wannan lokacin, Malam.

To, makon jiya na bi maganarka. Na karɓo siminti cikin gwangwani wurin Mamman magini, maƙwabcinmu. Na ɗan jiƙa tabon da kananzir yadda na sha jin kana faɗa, na rufe shi da garin, na murza da ɓarin bulo, na kifa tsohuwar tasa a kai don kaji. Ban kusanto da ko ɗigon ruwa ba. Da na buɗe bayan kwanaki, garin ya yi baƙi ƙirin. Na share na sake zubawa, ya sake sha.

Ya fita, Malam. Ashe gaskiyarka ce tun farko, kuma na san da kana nan da unguwa duka ta ji labari. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jiran in ji daɗi, sai kuka ya zo mini. Abin da nake tsoro ke nan tun ranar da malamin ya yi magana: in fita gidan nan ba tare da ya rage wata alama da ke nuna ka taɓa zama cikinsa ba, kuma ya zama ni ce na goge ta.

Amma jiya da rana ta shigo zauren na lura da wani abu. Wurin da simintin ya kwana ya fi sauran daɓen haske, daidai faɗin tabon, daidai siffarsa. Malamin ya gani ya ce ba komai, tabarma za ta rufe. Na dai san yana nan ƙarƙashi.

Gobe Sani zai zo da mota a kwashe kaya. Da akwai hali, da na ce ka zo ka sake ɓata wurin, wallahi ko uffan ba zan ce ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe mana baki ɗaya, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Amin.

Taka har kullum,
Rabi