Gadar Barkenau Tana Cikin Kasafi

Barkenau, Nuwamba

Zuwa ga 'yata Imke,

Gaisuwa mai yawa daga ni da wannan gida da ya yi mini girma. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da aikin ofis. Kin ce in bar wasiƙa in riƙa kiran waya kamar sauran jama'a. Na ji. Amma abin ƙara ji ɗin nan da kika saya mini na kunne, da na kawo waya kusa da shi sai ya kama fito kamar butar shayi. Ki yi haƙuri da rubutun tsoho.

Jiya maƙwabcina Detlef ya faɗo mini kicin da jarida, ko takalmi bai cire ba. Ya shimfiɗa ta a kan burodina ya ɗora yatsa. Wai gwamnatin jiha ta ware kuɗin raya karkara a kasafin baɗi, kuma gadarmu na ciki. Na sa tabarau na karanta. Da gaske ne, ga Barkenau nan baƙi a kan fari, kuma a karon farko ba su ɓata rubutun sunan ba.

Kin san yadda muke tun ranar da injiniyan nan ya zo ya ƙwanƙwasa gadar da guduma, ya girgiza kai, aka gitta mata ƙarfe. Bara an shimfiɗa mana hanyar keke sumul, daga wani asusu daban, ta taho tiryan-tiryan ta tsaya cak a jikin shingen. Baƙi kan zo su tsaya a wurin suna duba taswira.

Ni dai ba taswira ce damuwata ba. Da, in na hau keke zuwa Lindebek, ƙetaren kogi, wurin mamanki a gidan kula da tsofaffi, kofin da na ɗura a fulas a gida yana tururi nake zuba mata. Yanzu da likitan ido ya raba ni da tuƙi, sai bas biyu, a zagaya ta babbar gada, kuma Talata da Juma'a ne kawai bas ɗin suke haɗuwa da juna. Masu kula da ita sun ce ciwon mantuwa yana son fuskar da ake gani kullum. Kwana biyu a mako ba kullum ba ne.

To ke ce a ma'aikatar kuɗi. Ki gaya wa magajin garin Barkenau, wato ni, wanda ba a biyansa ko sisi amma ake tare shi a shagon burodi: yaushe za a fara?

Ki gaida maigidanki Arne.

Babanki,
Hinnerk

*

Babban birnin jiha, Disamba

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kana sa rigar sanyi in za ka jira bas.

Na duba. Gadar tana ciki. Amma don Allah ka saurare ni, kada ku soma buɗe kwalaben murna. Shiga kasafi ba samun kuɗi ba ne. Sai majalisa ta amince, sannan ofishin da ke kula da asusun ya duba takardun da kuka kai, sannan ya aiko muku da amincewa a rubuce. Ba ofishina ba ne, ba ni da ta cewa a ciki, kuma in na leƙa na ce gadar babana ce, na ƙara ɓata muku ne.

Abu ɗaya nake so ka riƙe da kyau: kafin amincewar ta iso hannunka, kada ku ba kowa kwangila. Kowa. Ƙa'idar ita ce, duk wanda ya fara aiki kafin a amince masa, ya nuna yana da halin yi da kansa, don haka ba ya bukatar tallafi. Na san yadda abin yake a kunne. Ba ni na rubuta ta ba.

Na je wurin Mama ran Lahadi. Ta gane ni, sai dai ta tambaye ni ko na gama makaranta. Ta kuma tambaya ko ka tatsi shanu. Na ce mata ka tatsa. Ban ga amfanin gaya mata an sayar da su tuntuni ba.

Baba, maganar da na yi maka tana nan. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da mu, kuma ɗakin baƙinmu ba kowa.

Ka huta lafiya.

Imke

*

Barkenau, Maris

'Yata Imke,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa Barkenau ba ta zauna ta naɗe hannu ba.

Majalisa ta amince tun kafin Kirsimeti, amma takardarku shiru. Na buga wa ofishin, ko in ce Detlef ya buga ina gefe ina tambayarsa me suka ce. Suka ce ana dubawa. Sai Detlef ya tuno mana abin da duk manomi ya sani: daga ƙarshen Fabrairu doka ta hana sare itace har kaka, saboda tsuntsaye na sheƙa. Itatuwan bakin gadar kuwa dole su tafi kafin motar aiki ta samu wurin tsayawa. In muka jira takarda, tsuntsaye za su riga ta zuwa, shekara ta tafi ke nan.

Sai muka kira gayya, yadda muka yi rufin coci da ɗakin 'yan kwana-kwana. Imke, da kin ga Asabar ɗin nan. Mutanen da ba sa ga maciji da juna tun rikicin magudanar ruwa, ga su riƙe da igiya ɗaya. Mata suka dafa miyar wake a tukunyar 'yan kwana-kwana. Tsohuwa Telse ta zo da sandarta ta zauna a kan kututture tana gaya wa kowa ba haka ake riƙe zarto ba. Ta ce da ni, "Hinnerk, kai dai riƙe ludayi, kada ka sare ƙafar wani da wannan idon naka." Ludayin na riƙe.

Kututturan suka fi ƙarfinmu, sai surukin Detlef, Sönke, ya kawo katafilarsa. Tunda yana wurin, ya ɓamɓare tsohuwar kwaltar bakin gadar ya cire ruɓaɓɓen dogarin ƙarfen da ake dafawa a gefenta. Kuɗin mai kawai ya karɓa, na sa masa hannu a 'yar takarda saboda akawun gari ba ta fitar da komai sai da ita. Kwangila kam ba mu ba kowa ba, kamar yadda kika ce.

Har jarida ta zo. Na sako miki hoton. Ni ne na biyu daga hagu, mai ludayi. Dubi abin da suka rubuta a sama: an fara aikin gadar Barkenau.

Na kai wa mamanki hoton ran Juma'a. Ta daɗe tana dubawa, ta ce wannan mutumin yana kama da mijinta, sai dai ya tsufa.

Ki gaida mutanen gidan.

Babanki

*

Babban birnin jiha, Maris

Baba,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wurin zama.

Takardar da ka sa wa Sönke hannu, ita ce kwangila. Ko kuɗin mai ne, ko farantin miyar wake ne, ka ba mai katafila aiki a jikin gadar, ka sa hannu a matsayin magajin gari. Itatuwan kaɗai da wataƙila an kau da kai. Amma kwalta da dogarin gada? Sannan kuka kira jarida ta sanar wa duniya. Baba, a ofishin nan akwai wadda aikinta ke nan kowace safiya, ta karanta jaridun karkara ta yanke abin da ya shafe su. Hotonka yana cikin fayil ɗinku yanzu, da ludayin da komai.

Akwai hanya da za ku bi. Ana iya roƙon izinin fara aiki da wuri, takarda ce shafi ɗaya. Laifina ne da ban ambata maka ba. Ban zaci akwai wanda zai fita cikin sanyin Fabrairu ya yi wa gwamnati aiki kyauta ba. Na manta inda aka haife ni.

Na karya tawa ƙa'idar na je na sami mutumin da ke riƙe da fayil ɗin. Ba mugu ba ne. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, ya ce hoton ya burge shi, sannan ya ce hannunsa a ɗaure yake, domin masu binciken kuɗi ba sa cin miyar wake. Na fito na shiga banɗaki na yi kuka don haushi, ban ma san da wa nake fushi ba.

Ku rubuta ƙorafi, zan taya ku tsara shi. Amma ba zan yi maka ƙarya ba.

Kuma ka daina gaya mini maganar Mama kamar abin dariya. Na san ba dariya kake yi ba.

'Yarka,
Imke

*

Barkenau, Yuni

Imke 'yata,

Ina gaishe ki. Ki yafe mini shirun, ba fushi ba ne. Na zauna zan rubuta ya fi a ƙirga, sai in ga abin da ke fitowa bai dace uba ya aika wa 'yarsa ba.

Amsar ƙorafin ta zo, cikin ladabi ƙwarai. Sun yaba da kishin al'ummar Barkenau. Sun yi baƙin cikin sanar da mu. Muna iya sake nema baɗi, in asusun yana nan, da sabon ƙiyasi, domin na bana zai tsufa. Kuɗin kuwa ba a bar shi ya yi sanyi ba, an ba wani gari da ya iya zama shiru. Na ji shataletale za su yi, da furanni a tsakiya.

An yi taron gari. Detlef ya ce Sönke ne da rawar kai, Sönke ya ce shi kiransa aka yi, matar Detlef ta tashi ta fita don ba ta san wanda za ta goya wa baya ba, mijinta ko mijin 'yarta. Telse ce ta rufe taron. Ta ce ita a tsawon rayuwarta an hukunta ta don ƙin aiki, amma wannan ne karon farko da aka hukunta ta don yin sa. Ba wanda ya yi dariya.

Yanzu bakin gadar fili ne fetal, ga rami, ga ciyawa ta fara rufe shi. Tsuntsayen da muka yi wa sauri sun koma itatuwan bayan coci, lafiyarsu lau.

An kuma canza jadawalin bas saboda hutun makaranta. Na Talata ya daina haɗuwa da ɗan'uwansa. Saura Juma'a.

Juma'ar da ta wuce na shiga wurin mamanki da kek ɗin tuffa. Ta karɓa, ta yi godiya sosai, irin godiyar da take yi wa baƙo. Ta ce in ajiye a can, mijinta na nan tafe, ba ya makara, da keke yake zuwa. Na zauna muka jira shi tare har lokacin bas ya yi.

Kin ce in daina mai da shi abin dariya. To ga shi nan yadda yake.

Daga tagar ɗakinta ana hango rufin gidanmu, Imke. In na tsaya a bakin shingen nan ina ganin labulenta. Na auna da ido, jifa biyu ne na yaro mai ƙarfi. Ba zan kai ta birni ba, can ba abin da za ta hango ta gane.

Ki kula da kanki.

Babanki

*

Babban birnin jiha, Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Na ga daftarin kasafin baɗi. Bai kamata in faɗa ba, amma za ka gani a jarida ba da daɗewa ba. An rage asusun karkara, an haɗe shi da wani. Gadar tana ciki har yanzu, a sahun ayyukan da za a duba in hali ya yi. Na san ma'anar wannan sahun, ni nake buga shi.

Kada ka jira mu. Ban taɓa zaton zan rubuta wannan game da wurin da nake aiki ba, amma kada ka jira mu. Mama ba ta da shekarar kasafi biyu.

Na bar maganar birni. Ka gaya mini abin da kake so, ni da Arne mu zo da mota.

Taka,
Imke

*

Lindebek, Oktoba

'Yata,

Gaisuwa daga wannan gefen kogin. Ki lura da adireshin a bayan ambulan. Ɗaki ne a saman shagon mai gyaran keke, da murhu ɗaya da taga ɗaya. Na gode da ɗaukar kaya, ki ce wa Arne ya yi haƙuri da bayansa.

Na miƙa wa Detlef makullin ofishin gari. Ya ce ba ya so, na ce ni ma haka na ce lokacin da aka ba ni. Shi zai sake nema. Na gargaɗe shi kada ya bari kowa ya ɗaga ko tsinke a bakin gadar.

Kullum da safe ina wurin mamanki, kofi yana tururi. Kwanaki da yawa baƙo ne ni. Jiya kuwa tana tsaye a taga sai ta ce, ba ta ko juyo ba, "Hinnerk, ga gidanmu can. Me muke yi a nan? Mu tafi mana."

Na ce gada a rufe take, Gesine, amma tana cikin kasafi.

Ta juyo ta dube ni, irin kallon nan da kika sani. Ta ce, "Kai dai komai aka gaya maka sai ka yarda."

Sai muka sha kofinmu.

Babanki,
Hinnerk