Layin Biro a Robar Hancin Mama

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa kina lafiya ke da maigidanki da yara, Ya yaye miki ciwon bayan nan. Mu nan alhamdulillahi, sai dai Mama, surukata, da haɗiya ta gagara tun shanyewar ɓarin jikinta. Ta roba muke ba ta abinci, wadda aka zura ta hanci har ciki.

Na ji saƙonki cewa in ba Anti Babba, yayar mijina, haƙuri. Yaya, ki ji nawa tukuna. Ranar da aka sallamo mu daga asibiti, nas ta ja layi da biro a jikin robar daidai bakin hanci. Ta ce kafin kowane abinci in ɗaga kan Mama, in duba layin, in zuƙo ruwan ciki da sirinji in ɗiga a takardar gwaji, kuma in layin ya gusa ko ɗigon ruwa kada ya shiga. Ranar Talata da safe na tarar filastar da ke riƙe robar ta saki, layin ya fito kusan yatsa uku. Anti ta ce in tura robar in zuba madara, ai uwarta ce, ba za ta zuba ido yunwa ta kashe ta saboda zanen biro ba. Wai me na sani ban da kifa kai a littattafan soyayya. Ta miƙa hannu za ta tura da kanta, na riƙe hannun, na jefa sirinjin a aljihu. A littattafan nan, nan ne yarinya takan fashe da kuka ta ruga ɗaki, kuma wallahi ƙafafuna sun so hakan. Ban gusa daga gaban gadon ba. Awa biyu tana faɗa, Mama na bin mu da ido, har nas ɗin da na kira ta iso. Ta haska bakin Mama, ta ga robar ta naɗe a maƙogwaro. Ta ce da mun zuba, huhu madarar za ta nufa.

A gaban Anti aka faɗa, amma abin da ta kai miki shi ne na riƙe mata hannu. E, na riƙe. Gaisuwa da girmamawa ba zan rage mata komai ba, amma haƙurin nan ba zan bayar ba. In na bayar yau, ranar da layin ya sake gusawa ba ni da bakin hana ta.

Ki gaida Gwaggo da Kawu, ki shafa min kan Auta.

Ƙanwarki mai sonki,
'Yar Lele