Wasan da Ban Rama Ba

Gure, ranar Talata

Yaya Fanna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Hawa da yara. Iya tana gaishe ki. Ƙafar tata da sauƙi, amma har yanzu ba ta iya zuwa kwari. Na rubuta a takarda na ɗauki hoto ne saboda na san halinki, ba ki sauraron saƙon murya har ƙarshe.

Sun kira ni. Kamfanin nan da na kai wa dosiye, wato takardun neman aiki, masu manhajar waya da ke nuna wa makiyaya inda ciyawa da ruwa suke, za su buɗe biro, wato ofis, a nan Gure. Suna neman wanda zai riƙe musu manyan abokan hulɗarsu, wato ƙungiyoyin makiyayan yankunan Alakoss da Gamu, ya ji kokensu, ya lallashe su kada su gudu. Ranar Litinin za a yi ganawar.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, wannan ce ta ƙarshe. Rairayi ya cinye rabin lambun Baba, dabinon ma bana bai yi abin kirki ba, ni kuma tun da na gama digirin lisansi nake zaune. Abokina Husseini ya samo mini wuri a motar masu zuwa haƙar zinariya a arewa, na ce ya ɗan dakata mini. In na tafi, ban san wa zai zauna da Iya ba. Ke kika san biro, ki gaya mini yadda ake yi.

Ƙaninki, Aisami

Yamai, ranar Alhamis

Aisami,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu lau. Maganar arewa kuwa kada in sake jin ta.

Na ba direban motar Diffa kwat ɗin Baban Hawa, ka tare shi a tasha. Hannun zai yi maka tsawo, ka naɗe shi ta ciki. To, buɗe kunnenka. Na daɗe ina sakatariya, na ga waɗanda aka ɗauka, na ga waɗanda suka fito suna share gumi. Faransanci kawai za ka yi. Kowa Mushe ne, wato Malam a Faransanci, ko Madam. Kada ka zauna sai an ce ka zauna. Kuma don girman Allah ka bar bakin nan naka a gida. Kai da marigayi Baba duk ɗaya, ko a zaman makoki sai kun ba mutane dariya. Biro ba kasuwar dabbobi ba ce. Da gangan sukan tsokani mutum su ga ko zai zubar da kansa. Ko me aka ce maka, ka ɗaure fuska ka amsa abin da aka tambaye ka.

Ka gaishe da Iya, ta riƙa shan maganinta. Allah ya ba da sa'a.

Yayarka, Fanna

Gure, ranar Litinin

Yaya Fanna,

Bayan gaisuwa, na fito, kuma na bi maganarki tiryan-tiryan. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Su uku ne. Wata madam tana magana daga Yamai ta cikin ordinatar, wato kwamfuta, wani saurayi yana rubutu, sai wani dattijon Bafulatani da sandarsa a jingine, wai Alhaji Bobbo, shugaban ƙungiyar makiyayan Alakoss. Shi ne babban abokin hulɗarsu, shi ya sa suka gayyato shi. Tambayoyin madam duk na amsa, har ta gyaɗa kai. Sai aka ce saura Alhaji.

Ya dubi zanenmu na Barebarin Manga a fuskata, ya ce da Hausa, “Kai! Wa ya ba bawana kujera? Na aike shi tonon kanwa, ga shi ya dawo mini da kwat ɗin aro.”

Yaya, amsar tana bakina. Da ce masa zan yi, “Bafulatanin da kakana ya saya da tiya guda ta gero, yau shi ke zama biro? Wa ya tsare mini shanun?” Har ta iso leɓena, na tuna da ke, na haɗiye. Na ce da Faransanci, “Mushe, a shirye nake in amsa tambayarku.”

Ya sake gwadawa. Ya turo mini kofin ruwansa, ya ce, “Ungo, Babarbare, ragowar ubangidanka.” Na ce na gode, Mushe, ba na jin ƙishirwa.

Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Ya janye kofinsa, ya gyara zama, ya ce, “To, Malam Aisami, ba ni da tambaya.” Tun da nake, ba a taɓa girmama ni na ji sanyi a jikina irin na yau ba. Gaya mini, daidai na yi?

Ƙaninki, Aisami

Yamai, ranar Asabar

Ɗan'uwana,

Ina gaishe ka. Na jinkirta amsa ne saboda sai da na nemi wata ƙawata da ta san madam ɗin. Takardunka sun fi na kowa. Amma sun bar zaɓin ga Alhaji, tunda shi zai zauna da mutum. Abin da ya ce shi ne, “Yaron kirki ne, amma baƙo ne. Ranar da wayar ta kai mu rijiyar da ta ƙafe, mutanena za su zo da zafi. Wanda ba a iya zaginsa da wasa, da gaske za a zage shi.” Sun ɗauki wani.

Na yi kuka a biro, Aisami. Sai tuna Baba nake, yadda Fulani ke sauka a kwarinmu yana kiran su bayinsa, suna kiransa nasu, su sha ruwa su bar mana nono. Hannu dattijon nan ya miƙo maka, ni kuma daga nan na riƙe naka. Na roƙi ƙawata, ta ce an riga an sa hannu.

Ka nemi Alhajin ranar kasuwa. Ban san ko zai yi amfani ba, amma ban san wani abin da zan ce maka ba. Don Allah kada ka ba Husseini amsa tukuna.

Yayarka, Fanna

Gure, ranar kasuwa

Yaya,

Ina gaisuwa. Na same shi a wurin shanu, cikin mutanensa. Na ɗaga murya na ce, “Bafulatani, tashi, ubangidanka ya iso!”

Ya tashi kuwa. Ya ajiye sandarsa, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, “Sannu da zuwa, Mushe. Ina gajiya?”

Kwat ɗin yana wurin direban Diffa, na wanke na goge. Iya ba ta sani ba tukuna, jibi motar masu zinariya za ta tashi da ni. Ki riƙa kiran ta da hantsi, lokacin ne gidan ya fi shiru.

Sai wata rana.

Ƙaninki, Aisami