Rasuwar Lauya Yahaya Mode Danchadi, Mai Shari'ar "To"

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiyar Karkara ta Boɗinga da Shagari ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanta kuma mai ba ta shawara, Lauya Malam Yahaya Mode Danchadi, ɗa ga Mai Girma Sarkin Noma Alhaji Mode, bayan jinyar da aka rasa maganinta a duk inda aka nema.

Marigayin ya fara aiki a matsayin malamin asibiti a Mandera, kafin ya karanci lauya, sannan ya koma jami'a neman digiri na biyu kan haƙƙin ɗan Adam da dokar aikin likita. Bincikensa kacokan a kan kalma ɗaya ya tsaya, wato "to". Ya dage cewa idan mutumin ƙauye ya ce wa babba "to", nufinsa ya ji, kuma kunya ta hana shi musu, amma bai ce ya yarda ba. Mu da muke tsaya wa likitoci tafinta mun sha yi masa dariya, alhali mun san gaskiyarsa.

Da tsuke bakin aljihun gwamnati ya katse tallafin karatunsa bara, sai ya dawo gida babu digirin na biyu, ya ɗauki ƙarar Malama Balaraba ta Lambara, wadda aka cire wa mahaifa a wani asibiti tana zaton ƙari kawai za a cire, saboda ta ce "to". Duk lauyan da muka tuntuɓa kafin marigayin cewa ya yi ai ta amsa da bakinta, magana ta ƙare.

Muna roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna makoma, Ya ba mahaifinsa da maiɗakinsa Malama Hajara da 'ya'yansa juriyar wannan rashi.

Ba za mu yaudari jama'a ba: kotu za ta zauna wata mai zuwa, kuma ba mu da lauyan da zai tsaya wa Malama Balaraba. Da muka je gaisuwa Danchadi mun tarar da Malama Balaraba tana taya dakan gumbar sadaka, ta kuma aiko a tambaye mu ranar zaman kotun.

Malami Arzika Mandera
Sakataren Yaɗa Labarai
Satumba, 1983