Abrafi da Farantina

Litinin, 14 ga Janairu, 2019

Kamfanin da nake wa gyaran tankokin mai sun aiko da takarda. Daga Afirilu, wanda ba shi da takardar shaidar walda ba zai sake taɓa tankarsu ba. Shekara talatin da ɗaya ina ƙona ido a Suame, unguwar maƙera da makanikai, yau an ce sai takarda ta shaide ni. Aikin tanka ne ke riƙe da shagon nan, ƙofofi da tagogi ba sa kai mu ƙarshen wata. Matata Afrakoma ta ce, "To Masta, sai a saya maka jaka da gorar ruwa." Ban yi dariya ba.

Litinin, 21 ga Janairu

Na je cibiyar horon. Mu goma sha huɗu, kusan duk na haife su. Sai ga mai koyarwa ta shigo da farar riga da hular walda a hammata. Abrafi! 'Yar aminina marigayi Duodu, wadda ta yi shekara huɗu a shagona bayan rasuwarsa. Ni na fara ɗora mata sandar walda a hannu, ranar har da kuka don tartsatsi ya shiga takalminta.

Ta rusuna a gaban kowa ta ce, "Kawu Ntim, sannu da zuwa." Ta miƙe ta ce, "Wannan baƙin tabarau na kasuwa, a aljihu zai zauna. Ga hula."

Laraba, 23 ga Janairu

Hular nan kamar an kifa mini tukunya. Amma na tashi da safe idona ba yashi a ciki. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 31 ga Janairu

Yau na sha kunya. Ta ba mu farantan ƙarfe bibbiyu mu haɗa a tsaye. Na riga kowa gamawa, na ɗauki injin gurza na goge waldar ta yi sumul, ko ɗan yatsa ba ya jin gaɓar. Haka muke yi a Suame. Walda ba ta fita shago tsirara, sai an goge an shafa fenti, in ba haka ba mai kaya ya ce ba ka iya ba.

Ta yanka farantina ta sa a injin lanƙwasawa. Ƙas! Ya rabe biyu. Ciki duk rami, wutar ba ta ratsa har ƙasa ba.

Sai da aka tashi ta zo wurina. "Kawu, a jarrabawa ba a gurza saman walda. Buroshi kawai. Wanda ya goge ya faɗi, ko da aikinsa ya fi na kowa, don mai dubawa yana son ganin yadda hannu ya bi." Na ce mata tun ba a yaye ta ba nake walda. Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake jin tsoro."

Na kasa cin sakwarar rana.

Talata, 12 ga Fabrairu

Ta tsaya a bayana ta riƙe mini gwiwar hannu. "Sannu, Kawu, sannu. Ba wanda ke jiran ƙofarsa." Daidai yadda nake mata a da, har da ɗan tsakin. Muryar ubanta sak. Sai da na ɗaga hula na share ido, na ce hayaƙi ne.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Farantaina uku aka lanƙwasa, uku ba su karye ba. Na saya wa Abrafi dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da soyayyen kifi, ta ce ba ta karɓar toshiya. Ta cinye tas.

Alhamis, 7 ga Maris

Na faɗi.

Juma'a, 8 ga Maris

Bari in rubuta, ko zan huta. Mai dubawa ya zo daga Akra, Abrafi ce ke riƙe masa takardun maki. Waldar ta zo mini yadda ban taɓa yi ba, layi kamar kitso. Na kakkaɓe ɓawon da ke kan waldar, na ga wani ɗan tudu a ƙarshe, bai kai ƙwayar wake ba. Allah ya sani ban yi shawara da kaina ba. Ƙarar injin gurza kawai na ji, kuma a hannuna yake. Kafin in saki, na goge saman waldar kusan tsawon rabin ɗan yatsa.

Mutumin yana can wajen wani, bai gani ba. Ita ta gani. Muka haɗa ido. Na san abin da idona ya roƙa, kuma ina jin kunyarsa har yanzu. Ta ɗauki farantin ta kai masa da kanta.

Na fita ban yi mata sallama ba. Yarinyar da na ciyar shekara huɗu! Sai Mayu za a sake jarrabawa, ke nan Afirilu zai shigo ba ni da tanka.

Talata, 12 ga Maris

Ta kira sau biyar. Afrakoma ta ce, "Ɗauki mana, tsoho mai fushi da gaskiya." Na ce wayar ce ba ta jin magana.

Lahadi, 17 ga Maris

Bayan coci na leƙa shago, na same ta zaune a kan benci da kayan cocinta. Ta ciro farantina daga jaka. Ashe bayan an tashi ta roƙa aka lanƙwasa shi duk da haka. Ya lanƙwashe har baki ya haɗu da baki, ko tsaga babu.

"Da ka ci, Kawu," in ji ta. "Kwana uku ban iya cin abinci ba. Amma tankar mai ce. In na rufe maka ido, gobe wa zan hana?"

Na ce ai ni ban ce komai ba. Na ce tunda ta zo, ta nuna mini yadda take rufe ƙarshen layi ba tudu. Ta naɗe hannun farar rigarta ta leshi, ta kunna tsohon injina. Na tsaya a bayanta ina kallo ta gilashi, na ce ta sake, ta sake, na ce ta ƙara.

Gobe zan je in rubuta sunana na Mayu.

Duodu, 'yarka ta fi ni hannu. Kai kaɗai na gaya wa.