Kalmar da Ta Ɓace a Shafi na Tara

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ƙafar taka? Tela maƙwabcina ke rubuta mini wannan, na ce ya sa yadda na faɗa, kar ya gyara.

'Yarka Auta tana nan ɗakin baya, tana rubuta wa kamfani littafin yadda ake aiki da injin niƙa. Kowane shafi sai ta karanto mini, tunda shekara arba'in na yi ina gyaran irinsa. Yanzu sun sa mata 'yar fitila a kwamfuta. In yatsunta na motsi, kore. In ta tsaya tunani ko tana saurarena, ja. Da jan nan suke auna aikinta, sun ce in ya yi yawa a watan nan za su sallame ta. Awon banza! Ni rabin gyarana kasa kunne ne. Yarinya duk ta rame, ko ruwa a tsaye take sha.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka,
Tsohon Makanike

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ka karanta wannan kai kaɗai.

Ranar da za ta miƙa aikin, ta tashi yin salla, na ga fitilar ta yi ja. Na matsa na riƙa danna maɓallai kaɗan-kaɗan har ta koma kore. Har daɗi na ji. Ta dawo a gaggauce ta tura.

Jiya aka aiko mata bugaggen littafin da saƙon yabo, wai jan nata ya ragu. Ta karanto mini tana murna. Ka san kaina, abin da ya shiga ba ya fita. Shafi na tara a da cewa yake, kada a buɗe murfi injin yana juyawa. Jiya ban ji "kada" ba. Na sa ta maimaita, ta zo wurin ta ga babu kalmar. Littafin kuwa tuni ya bi injuna ɗari uku.

Ka tuna hannun abokin aikina da inji ya guntule da ya buɗe irin murfin nan? Ni na ɗauko shi.

Ta ɗauka laifinta ne, ta ce in ta sanar da kamfanin, aikin ya tafi. Ban faɗa mata tukuna cewa danne-dannena ne ya goge kalmar ba. Yau zan faɗa, kuma sai ta kira su, ko da ni za a kama. Tela ya ajiye biro yana kallona, wai shi ma ɗansa a gidan niƙa yake.

Ka sa mu a addu'a.

Yayanka,
Tsohon Makanike